Harafi Ɗaya a Jinin Tunkiya

A Tafilalt, inda kogin Ziz ke ƙarewa cikin yashi,
kakata Ittu tana da wata baƙar tunkiya,
siririya, ba ƙaho, ba kitse.
Wanda ya gan ta a kasuwar Risani ba zai taya ba.
Amma daren da ta durƙusa a ƙasan bene
huɗu ta sauke, ɗaya bayan ɗaya,
kakata na riƙe da fitila tana ƙirgawa
kamar mai karɓar bashin da ta fid da rai.

Uwarta uku take yi. Kakarta ma haka.
Ba wanda ya rubuta. Ittu ce littafin.

Ni kuwa na yi boko,
na dawo da akwatin ƙanƙara da ƙananan kwalabe.
Na danne jijiyar wuya, na tsira allura,
na ɗebi abin da bai cika cokali ba.
Wata shida na'ura tana tsefe jinin nan
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
har ta tsaya kan harafi ɗaya cikin dubban dubbai
da ya saɓa wa na sauran tumaki.
Shi ke raɗa wa cikin tunkiya:
kada ki saki ƙwai guda, saki biyu, saki uku.

Na kawo mata labari jiki na rawa.
Tana dakan ƙwallon dabino, ko ɗagowa ba ta yi ba.
Ta ce, "Addi, harafin naka yana shayarwa?
Leƙa hantsarta. Nono biyu ne.
Na uku da na huɗu 'ya'yana ne."

Bassu mutumin tudu ne, ɗan tanti.
Tumakinsa jajayen kai, masu cin ƙaya da cin nisa,
ɗa ɗaya a shekara, ba ƙari.
Ya ga huɗun nan ya haɗiye yawu,
ya ba da bunsuru biyu da bargo,
ya ɗaure ɗan baƙar tunkiya a bayan a-kori-kura.

Shekarar farko shiru.
Rago ba ya canza cikin da ya tarar,
'ya'yansa mata yake bar wa wasiyya.
Da suka girma sai tagwaye,
tagwaye a gindin kowane dutse.
Bassu ya yi yanka, ya kira maƙwabta na nisan wuni.

Sai ruwa ya ɗauke ƙafa.
Hunturu ya zo ya wuce, ba ɗigo.
Uwa ta wuni tafiya, ta dawo da hantsa kamar tsohuwar jaka,
baki biyu suna tunkuɗa.
Ya sa ɗaya a hular jallabiyarsa don sanyi,
kafin asuba ya sandare masa a bayan wuya.
Goma sha bakwai ya ƙirga, ya daina ƙirgawa.
Tsofaffin nan masu ɗa ɗaya
suna tafe a hankali, kowace da nata a baya.

Ya zo ya zauna a zauren kakata, bai tuhumi kowa ba.
Sai da ya sha shayi kofi uku
ya ce, "Hamada ma ta iya lissafi.
Ta daɗe tana zaɓe kafin a ƙera na'urarka."

Na rasa ta cewa.
A takardata an rubuta riba, kashi kaza cikin ɗari.
Ba gurbin ciyawa, ba gurbin rijiya,
ba gurbin tsohuwa mai tashi sau uku cikin dare
da kwalbar lemo mai bakin roba.

Da zai tafi ya buɗe bayan mota.
Wata 'yar tunkiya, kai ja, ƙafafu baƙi.
Ya ce, "Tagwai ce, ita da 'yar'uwarta duk sun rayu.
Uwarsu ta shayar da biyu a cikin farin nan.
Ɗebi jininta. Nemo mini wannan harafin."

Na durƙusa na laluba wuyanta.
Jijiya na bugawa ƙarƙashin yatsana.
Kakata ta matso da fitila.