Littafin Rilwanu

Sunansa Rizwan. Bakin Maradi bai iya ba,
ya mai da shi Rilwanu mai rijiya.
Daga Fakistan ya zo da injin haƙa,
babana Nomau ke tuƙa masa mota,
Tibiri, Jiratawa, har rani huɗu.
Ran da zai tafi, littafi ya bari a aljihun mota,
koren bango, gefensa ya sha baƙin mai.

Ina ɗan sha biyu na buɗe shi.
Na ce ai ajami ne, na yi allo.
Sai baƙaƙen suka ƙi ni.
Ba sa zama kan layi kamar namu,
gangarowa suke daga dama
kamar mata masu sauka Gulbi,
wani da ɗigo uku a ƙarƙashi,
wani ya ɗora ƙaramin harafi a ka kamar gammo.
Amma can tsakiyar baƙi sai ga ɗan gida:
duniya, zamani, kabari, shauƙi.
Kamar ka sauka tashar da ba ka san kowa ba
ka ji tari irin na kawunka.

Baba bai san baƙi ba, amma kunnensa rumbu ne.
Ya ce in dare ya yi, an kashe inji,
Rilwanu kan zauna kan taya ya karanta,
ya maimaita layin farko sau biyu,
sannan ya jawo na biyu a hankali kamar guga.
Kalma ɗaya ke komowa ƙarshen kowane baiti,
taɓarya ce ta san turminta.
Mai littafin ya rasu tun zamanin kakanni,
bai bar gona ba, bai bar akuya ba,
amma a ƙasarsu, wurin biki ko makoki,
wanda magana ta ƙare wa, bakinsa yake ara.

Baba ya tambaya, to me yake cewa?
Rilwanu ya tattaro guntuwar Hausarsa:
Mutum yana jira. Wanda yana jira bai zo ba.
Duk littafin? Duk littafin.
Baba ya yi dariya har hula ta faɗi,
ya ce ashe manomi ne.

Shekara talatin littafin na cikin adakar Inna
tsakanin turare da takardar gida.
Baba ya riga mu. Ni na gaji gyaran famfo.
Bara Lawali ɗan maƙwabta ya dawo daga karatu a Lahor,
na kai masa, ya goge hannu a riga kafin ya karɓa.
Da ya fara, tsikar jikina ta tashi.
Wannan ne abin da Baba ke ƙunƙuni
in yana wanke mota da asuba,
muna cewa tsufa ne, ko wuridin da ya ɓace masa.
Bai zubar da harafi ko ɗaya ba.
Lawali ya ce in fassara maka?
Na ce bari sai gobe. Goben ba ta yi ba tukuna.

Ya nuna mini dai baitin ƙarshe,
inda mai waƙa ke kiran sunan kansa,
kamar yadda namu ke sa hannu in sun kammala.
Daren nan na ɗauki biro, a bayan rasiɗin famfo:

Hadari ya haɗu kan Madarunfa, ruwa bai zo ba,
na share ƙofa, na shimfiɗa tabarma, kowa bai zo ba.

An kwana ana kalangu a Bagalam,
an ci an sha, mai rawa bai zo ba.

Ɗan Nomau, rage fitila, mai na da tsada,
wanda ya ce ka jira shi a inuwa bai zo ba.