Baki a Gaba, Murya a Baya

Shagona ɗaki ɗaya ne a bayan PZ,
na liƙe bangonsa da kwalin ƙwai
don kada hon ɗin 'yan acaɓa ya shigo mini aiki.
Nan ta same ni bayan la'asar, Rakiya.

Ta ajiye waya, ta ajiye 'yar rakoda.
"Hoton na nan, maganar na can.
Babana ne, Barau mai gyaran agogo.
Minti arba'in da bakwai muka yi a rumfarsa ta Sabon Gari,
sati uku kafin ya kwanta.
Haɗa mini su wuri ɗaya."

Na zuba su a manhaja, layi bisa layi.
Sama ga tsoho da tabarau a goshi,
ƙasa ga muryarsa, tudu da kwari,
kamar Kufena in ka hango shi daga hanya.

Allah ya yi musu albarka, sun sa shi tafi a farko.
Ya yi yana dariya: "Yau kuma ni ne ɗan amshi?"
Na nemo firam ɗin da tafukan suka haɗu,
na jawo tsinin sautin ƙarƙashinsa,
suka zauna daram, murfi da tukunya.

Minti biyar, lafiya.
Goma, lafiya.
A sha takwas wani abu ya fara sosa mini ido.
A talatin baki ya rufe, kalma na nan tafe,
leɓe ya kai gida har ya cire takalmi,
murya na Kwangila tana jiran mota a baya.

Waya ba ta riƙe alkawari.
Ta ce hoto talatin a daƙiƙa,
rumfa na yin duhu sai ta rage mudu.
Rakoda kuwa dubu arba'in da takwas take ƙirgawa,
ba ragi, ba gyara.
Agogo biyu a gaban mai gyaran agogo,
kowanne na rantsuwa shi ke da gaskiya.

Aka ɗauke wuta. Na ja janareto sau shida.
Na sa a sake saƙa hoton da taku guda,
na sha shayi ina kallon layin yana rarrafe.
Da ya gama, saura ratar firam huɗu,
kuma babu tafi a ƙarshe.
Ba kuma wanda zan aika ya sake ɗauko shi,
ya yi nisan tafiya.

Sai na koma farautar leɓe.
Duk inda ya ce batir, duk inda ya ce mabuɗi,
dole baki ya rufe.
Na ja muryar kaɗan, ta yi kauri, ta zama ta wani mutum.
Na mayar da ita.
Na riƙa yanka a inda yake numfashi,
ina satar shiru nan ina biyan bashi can,
har kiran assalatu ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa
ya tarar da ni da ciwon wuya.

A minti arba'in da huɗu ya danna murfin wani agogo:
ƙas!
Yatsa da ƙara suka sauka tare.
Sannan ya ɗago ya ce:
"Wanda ya tsaya ba ya ba ni tsoro.
Mai satar daƙiƙa a ɓoye, shi ke sa mutum jin kunya."

Ta dawo ran Laraba. Na ba ta kujera da iyafis.
Ba ta motsa ba har inda ya ce "Miƙo min wancan,"
na ga hannunta ya tashi daga cinya.
Da ya ƙare ta goge ido da bakin mayafi,
ta ce, "To me ka yi masa?
Ai da ma haka yake magana."

Na ce, haka ne.
Dubu huɗu ne, Hajiya.