Allon Jirgin Jatau

A gindin Gamji, inda kogi ke karya kwana,
nan Jatau ke ɗaure jirginsa da igiyar da ta girme ni.
Ni ne yaron jirgi.
Nawa karɓar kuɗi, nawa tallafe yara wajen hawa,
nawa kuma buhun da ke rataye bayan kujera.

Akwai allo a goshin jirgin,
shi ya rubuta da ragowar fentin ƙofar maƙwabci.
Rana ta lashe rabin baƙaƙen,
amma ni na haddace su tun ban kai gora tsawo ba.

Abin da ya hau, ya sauka.
Kwalba goma ta shiga, kwalba goma ta fita,
kowace da murfinta.
Mai uzuri ya kama ruwa tun a tudu,
ga zagaye can bayan rumfa, kogi ba masai ba ne.
Juyen mai sai an ɗora inji bisa faranti a kan yashi,
baƙin a tara a galan, a kai wa bakanike.
Wankin jirgi, tsumma da yashi,
kumfa ta tsaya gida.

Wata Asabar bayan la'asar
muka ɗauki 'yan biki, mutum tara da mai hoto.
Tsire a jarida, lemo na huci,
turare ya danne warin fetur.
Muna tsakiyar ruwa, wani mai agogon zinare
ya tsotse ledar ruwa, ya murɗe ta,
ya cilla ta bayansa, zancensa ko gargada bai yi ba.

Jatau bai ce uffan ba. Ya kashe inji.

Shiru ya sauko mana,
har muna jin ƙarar motoci a kan gada.
Leda na gaba, jirgi na binta,
ruwa ɗaya ke jan su.
Sai ya miƙa wa mutumin gora mai ƙugiya.

"Don leda ɗaya? Faɗi, nawa zan biya?"

"Alhaji, kogin ba nawa ba ne, balle in yi maka farashi.
Daga nan sai Barnawa, sai Nasarawa.
Can ƙanwata Ladidi ke shayar da alayyafo,
wanda za a yanka a miyar gidanka ran Litinin."

Sau huɗu yana kai gora, leda na zille masa,
hannun shadda ya sha ruwa har gwiwa.
Amarya ta toshe baki, dariya ta ƙwace.
A na biyar ya ɗago ta tana ɗiga,
jirgi ya kaure da tafi, mai hoto ya danna.
Jatau dai bakin buhu ya buɗe.

Ban ce kogi ya tsarkaka ba.
Magudanun gari na yi masa amai dare da rana.
Da damina yakan wuce da katifa, da warin takalmi,
na taɓa farke tarwaɗa na sami leda a cikinta.
Kakata ta ce a da kadduna ke shan hantsi a kan duwatsun nan,
ni dai wanda na gani yana kwance cikin siminti,
yara na jifarsa da ɓawon gyaɗa.

Da muka ɗaure jirgi na ce masa,
"Baba, buhunmu ɗaya ne, shara kuwa ta gari guda."
Ya kalli ruwa, ya kalle ni.
Ya ce, "Ƙirga kwalabe."

Na ƙirga. Sha huɗu.
Murfi sha uku.

Ya zaro tocila daga aljihu,
muka durƙusa tsakanin kujeru,
sauro na cin rabonsa a wuyanmu.
Ladan ya kira magariba daga Kabala,
muna lalube, hannu cikin ruwan da ya kwanta a gindin jirgi,
har yatsana ya taɓa wani abu ƙarami, mai zagaye, mai haƙora.