Gayyar Jirgi a Zamare

Mun kife shi tun da ruwa ya janye,
jirgin ƙungiyarmu, can ƙasa da tashar Zamare.
Ƙadangaru sun mai da cikinsa zaure,
akuyar Tumba ta haihu a inuwarsa, har 'ya'ya biyu.

Yau Asabar, Arzika ya buga ƙarfe tun da asuba.
Ba wanda aka yi wa alkawarin ko sisi,
amma kafin hantsi mun kai ashirin da uku,
har da Malam Sahabi na firamare
wanda in ya hau ruwa cikinsa ke juyawa.
Ya ce shi dai zai riƙe ƙusa.

Da muka juya shi, sai jirgin ya yi nishi
irin na tsohon da aka tasa daga barcin rana.
Cindo kafinta ya bi haƙarƙarinsa da ɗan yatsa,
yana ƙwanƙwasawa, yana kasa kunne.
Wajen katako na huɗu ya tsaya:
"Wannan ya mutu. Gara ta riga mu."

Muka yi shiru.
Nan ne mazaunin Nomau.
Ga gurbin da diddigensa ya ci cikin shekara goma sha ɗaya,
ga inda ya yi zane uku da wuƙa,
kowane zane tseren da muka ci.
Bara zazzaɓi ya ɗauke shi a kan tudu,
mutumin da Kwara ta kasa.

Ba a tsere da tausayi, in ji Cindo,
ya sa guduma.
Ɗan Nomau ne ya ɗauki guntun ya sa a aljihu,
ya koma ya ci gaba da hura wutar kwalta.

Sabon katakon maɗaci ne, ja kamar goro,
daga ƙofar shagon Kakale ya fito;
ya ce a kwana uku ɓarawo ba zai lura ba.
Mai facin taya ya yanko roba,
mata suka zo da ragowar auduga,
muna cusawa a tsaga da bakin cokali,
hayaƙin kwalta na sa mu hawayen da ba mu nema ba.

A gindin giginya Hassi ta kafa kekenta,
tana haɗa buhunan taki goma sha shida
su zama zanen da zai kama mana iska.
Allura biyu ta karye.
Ta ce in muka zo na ƙarshe bana,
kada wanda ya bi ta ƙofar gidanta.

Ni kuwa, aikina ba ya cikin waɗanda ake yi wa kirari.
Ni ne mai kwarfa.
Rabin jarka ce makamina, na yanka ta da kaina.
Masu filafili na kallon gaba, jama'a na kallon su,
ni ina duƙe ina mayar wa kogi abinsa.

La'asar sakaliya muka tura shi.
Kafaɗa ashirin da uku, da ta Malam Sahabi har gwiwa a laka.
Kainuwa ta buɗa, jirgin ya zauna,
ya yi lilo sau biyu, ya daidaita.
Yara suka ɓarke da ihu, Tumba ta rangaɗa guɗa
da ludayin kunu a hannunta.

Na duƙa na shafa sabon katako.
A bushe yake.
Amma can baya, kusa da ƙafata,
wani ɗigo ya leƙo, ya kira ɗan'uwansa.

Ban gaya wa Cindo ba.
Na gyara zama,
na jawo rabin jarkata.