Gwangwanin Eirlys

A kasuwar Asabar ta Tredegar
Eirlys ta zazzage gwangwanin biskit,
bajoji suka watsu bisa tebur kamar canjin mai shago.

Ga wani ja, da fitilar mahaƙa kwal a tsakiya,
an rubuta: "Ramin namu ne."
Shekarar yajin aiki Idwal ya maƙala shi a ƙirji.
Sanyi ya ci su, miya ta koma ruwa,
bai cire ba.

Wani saurayi ya juya shi, ya duba tsatsar fil,
ya ce na asali ne,
ya taya fam goma.

Ta ce albarka, ta karɓe abinta.
"Ramin sun rufe shi tuntuni,
amma hujin fil ɗin
yana nan a kwat ɗinsa."