Amsa Ga Zigwai, Daga Gindin Dutsen Kagoro

Saƙonki ya iso, Zigwai,
ta wayar Bobai mai tsagaggen gilashi.
Ya karanta mini a gindin mangwaro,
yana tsallake sunayen da suka fi ƙarfin harshensa.

Kin ce in zo a watan Maris,
ranar da Dublin ke sa koren kaya
har da karnukanta.
Kin ce akwai gida hawa bakwai
da aka gina don baƙar giya kaɗai,
a hau can ƙoli a sha, ana kallon rufin gari.
In Allah ya kai mu kaka kuma, mu tsallaka Jamus,
inda rumfa guda ke haɗiye mutum dubu,
kofi sai an tallabe shi da hannu biyu.
Da wani gari, wai, da ake jifan juna da tumatir.
Nan Bobai ya tsaya, muka dubi juna.
Kin san nawa kwando ya kai a Kafanchan jiya?
Wannan ki soke shi.

Ni na san ƙasar nan tun ba a haifi uwarki ba.
Shekara goma sha tara ina dafa mata abinci.
Sunanta Fada Donal,
dogo, mai jan kunne, babur ɗinsa ba birki.
Dankali da safe, dankali da dare.
In ruwan Agusta ya kwana uku bai ɗauke ba,
kowa na tsaki,
shi yana bakin taga yana murmushi:
"Kambai, yau gida ya zo gaishe ni."

Sau ɗaya a shekara yake aikena
in sayo kwalba guda, baƙa wuluk.
Ya zuba a karkace,
ya zauna jiran kumfa ta kwanta
kamar mai jiran a amsa masa sallama.
Na taɓa kurɓa. Maɗaci ya fi ta tausayi.
Shi ma ya kurɓi burkutun Asabe ranar Afan,
ya ce wannan kunu ne da ya yi fushi,
ya ƙara ƙwarya biyu,
ya faɗa rawar maharba da farar rigarsa,
ƙafa na gabas, kiɗa na yamma.

Da dare sai ya ciro 'yar sarewarsa ta gwangwani
ya busa wani abu siriri
kamar mai kiran akuyar da ta ɓace tun yana yaro.

Yanzu yana kwance bayan coci,
tsakanin katikis da ungozoma.
Sarewar na akwatina,
naɗe cikin tsohon ƙyallen goge kwano.

To ga nawa tsarin tafiyar.
Bene ki bar wa masu gwiwa.
Ki nemo mini ƙauye a yamma, bakin teku,
inda ake jera dutse kan dutse ba laka,
iska na wucewa ta tsakani, katanga ba ta faɗuwa.
Ya ce ƙofar ƙanwarsa shuɗiya ce.
In ta rasu, akwai jika.
In babu jika, kowane yaro ya isa.
Zan miƙa masa in ce:
ƙashin ɗanku mun riƙe,
ga numfashinsa na dawo muku da shi.

Daga nan ki kai ni inda tsofaffinsu ke zama.
Ki saya mini kofi guda.
Likita ya hana, na sani, ke ma za ki hana.
Ba sha zan yi ba.
Zama zan yi in jira kumfar.

Ki dawo da ni kafin shukar citta.
Ki aiko da rigar sanyi mai aljihu,
ki kuma tambaya mini
ko suna barin mutum ya shiga jirgi da daddawa.