Maganin Aro

Shekara tara cikina ke mulki,
ni ɗan rakiya ne.
Daga Ɗorayi zuwa Kantin Kwari
na san kowane gidan wanka da bahaya,
na san wanda ƙofarsa ba sakata,
na san inda buta ke yoyo.
Wasu na auna gari da gada da shataletale,
ni da nisan banɗaki nake aunawa.

A masallaci sahun ƙarshe ne nawa,
dab da takalma,
don alwalata ba ta da alƙawari.
An ce ɗankanoma ne, na sha sassaƙe.
An ce atuni. Gwaggo ta rantse sammu ne.
Likita ya zura fitila a hanjina,
ya ce gyambo ne, jiki ke cizon kansa.

Ƙwayar farko ta kumbura min fuska kamar alkubus,
ta biyu ta yi wata bakwai ta gaji,
allurar da ake yabo kuwa,
kuɗinta ya fi jarin rumfata har da benci.

Ran Talata Dakta Barira ta ture gilashi goshi:
"Malam Isiyaku, akwai wani.
Ba don cutarka aka yi shi ba,
na masu ciwon gaɓoɓi ne.
A wasu hanji ya amsa kiransa,
a wasu ya yi kunnen uwar shegu.
Gwajin jini duk sati biyu.
Ka ji zazzaɓi ka taho, ko tsakar dare ne."
Ta miƙo takarda, na sa hannu,
biro na rawa kamar mazari.

A gida na warware takardar cikin kwali,
doguwa kamar yadin shadda.
Ga gwiwa, ga wuyan hannu, ga yatsu.
Na bi layi-layi, ban ga hanji ba.
Tasalla ta leƙo ta kafaɗata:
"Kayan aro dai ba ya rufe katara."
Na ce wanda ya kwana tsirara
ba ya tambayar wa aka ɗinka wa rigar.
Na yi bisimilla, na kora da ruwan randa.

Satin farko ba labari.
Na biyu jiri, baki kamar na tauna maɗaci.
A bayan littafin bashi nake lissafin dare,
ƙarƙashin sunayen masu turmin atamfa:
tashi shida, biyar, bakwai, huɗu,
jini, jini, kaɗan,
babu.
Na daɗe ina kallon wannan "babu".

Juma'ar da ta wuce
na yi alwala a gida, na hau adaidaita.
Cunkoson Kabuga ya riƙe mu rabin awa.
Na dafe mara ina jiran murɗa.
Shiru.
Da alwalar nan na ji huɗuba,
da ita na yi sallama,
a sahu na uku, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Ban ce na warke ba.
Ciwon nan ya iya kwanton ɓauna,
ya taɓa yi min shiru wata biyar
ya dawo da gayya.
Jibi sakamakon hanta zai fito.

Ɗazu mai gurasar bakin layinmu ya ɗaga min hannu,
ƙamshin ƙuli da mai ya rako ni har zaure.
Na juyo na ce: ba yau ba, Ɗan'azumi.
Amma watan gobe
ka sake tambayata.